Ƙusa a Ƙafar Baban Ummi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo mani da mijina bayan na fara cire rai. Tun da muka dawo daga asibiti mata ke tambayata yadda abin ya faru, wasu a gidan suna, wasu ta waya, ina ba su labarin guntu-guntu. Yau dai na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko, ko Allah ya sa wani ya tsira da abin da mu muka sani a makare.

Sunana Rabi. 'Yar Sabuwa ce ni, aure ya kawo ni Faskari. Mijina Nura ɗan ƙwallo ne, ɗan wasan gaba, masu kallo suna ce mashi Mai Kai saboda yawancin ƙwallayensa da ka ya ci su. Ni Baban Ummi nake ce mashi. Kada wanda ya ji an ce ɗan ƙwallo ya ɗauka irin waɗanda ake gani a talabijin ne. Shi yana cikin waɗanda ba su daɗewa wuri guda: kakar wasa ɗaya a Gusau, rabin kaka a Lafiya, ya tsallaka Maraɗi, ya dawo Gombe, har kudu ya yi, inda ya ce ya shekara bai ga tuwon dawa ba. Ko a kawo sabon koci da yaransa a sallame shi, ko kulob ɗin ya faɗa ƙasa, ko albashi ya tsaya ya kama gabansa. Farkon aurenmu na bi shi wurare biyu. Da aka haifi Ummi sai na zauna gida wurin mahaifiyarsa, Hajiya, shi yana zuwa in an yi hutu.

Daminar bara ta same shi a gida ba kulob. Ya haura talatin, kuma a harkarsu wannan tsufa ne. Wani koci da ya san shi ya yi mashi alkawarin gwaji a wani kulob can gabas, ya ce ya shirya kafin a fara girbi. Sai ya duƙufa atisaye safe da yamma a filin bayan gari, filin da shanu ke ratsawa in za su kiwo. Takalminsa mai kyau guda ɗaya ne, ya adana shi don ranar gwaji, yana fita da wani tsohon kambas da ƙasansa ya cinye.

Wata rana ƙwallo ta faɗa bayan shingen wata gona, ya tsallaka ɗaukowa, ya taka wani guntun katako da ke binne cikin taɓo da kashin shanu. Ƙusa ta huda kambas ɗin ta shige tafin ƙafarsa ta hagu. Ya zare ta da hannunsa, jini ma bai zuba sosai ba. Wani bakanike da suke wasa tare ya ɗiga mashi man birki a wurin, ya ɗaure da tsumma, Baban Ummi ya koma ya ƙarasa wasansa.

Ni ban sani ba sai da na ga yana alwala yana lallaɓa ƙafar. Na ce ya je a duba mashi. Ya yi dariya, ya shiga nuna mani tabon da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, na gwiwa, na ƙwauri, da hancinsa da wani mai tsaron baya ya taɓa karyawa, ya ce wannan kusa da waɗancan ai cizon sauro ne. Sannan ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, ko Hajiya, don magana ba ta kwana a tsakanin 'yan ƙwallo. In kocin ya ji an ce ya ji rauni, wani zai kira. Na riƙa gasa mashi wurin da ruwan zafi da gishiri. Cikin 'yan kwanaki bakin ciwon ya rufe, ya daina ɗingishi, muka yi hamdala muka manta.

Bayan mako guda da ɗan wani abu, muna zaune da yamma na gasa mashi masara, ya ɗan ci sai ya ajiye, ya ce muƙamuƙinsa ya yi nauyi. Muka ɗauka haƙori ne. Ya je kemis aka ba shi maganin ciwo, aka haɗa mashi da na zazzaɓin cizon sauro, don a garinmu da damina duk abin da ka kai kemis sai an haɗa maka da shi. Washegari wuyansa ya riƙe, in zai waiwaya sai ya juyo da jikinsa duka. Wannan ya fi bakin damunsa, don da wuyan nan yake neman abinci. Kafin mu ankara cokali ya daina shiga bakinsa. Fuskarsa ta ja, haƙora a waje, gira a ɗage, har Ummi, wadda lokacin ba ta isa shiga makaranta ba, ta zo ta ce mani Baba yana ta dariya shi kaɗai. Kunu nake tsinkawa in ɗura mashi ta gefen haƙora, rabi ya wuce, rabi ya dawo.

Ranar da hankalina ya tashi na gaske, da hantsi ne. Yana kwance a tabarma cikin rumfa, maƙwabtanmu suka tada injin niƙa. Ƙarar na tashi sai na ga mutum ya sandare, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ƙeya da dugadugansa kaɗai ke taɓa ƙasa. Zufa ta karyo mashi. Abin da ba zan manta ba idanunsa ne: a buɗe suke, yana kallona, ya san duk abin da ke faruwa. Da abin ya sake shi ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu. Ba a jima ba wani babur ya wuce ta ƙofar gida, ya sake kamawa.

Nan da nan gida ya cika. Kawu Sale, ƙanen Hajiya, ya ce jifa ne, babu tantama. Wani ne ya ji labarin gwajin yana son ya sha gabansa, harkar ƙwallo kuwa kowa ya san ba a rasa irin wannan. Wata gwaggo ta ce iska ya taka a filin nan, don akwai tsamiya a gefensa, kuma a nisanta Ummi da shi. Aka kawo garwashi aka yi turare, hayaƙin ya sa shi tari, tarin ya sa ya ƙara sandarewa, aka ce ai maganin ne ke faɗa da abin. Ba dangin miji kaɗai ba, innata ma ta kira daga Sabuwa ta ce a kawo shi wurin wani mai magani da ya taɓa warkar da irin wannan. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ban san wa zan bi ba, kuma har lokacin ƙusar ba ta faɗo mani a rai ba, don ciwon ya rufe tuntuni.

Hajiya ta aika aka kira Malam Isiyaku, limamin unguwarmu. Ya zauna kusa da shi yana karatu a hankali. Sai ya lura in ya ɗaga murya jikin ya ɗauka, in ya sassauta ya lafa, kuma mara lafiyar yana motsa leɓe yana bin ayoyin. Ya shafa addu'a ya fito, ya ce wa Hajiya mai iska ba ya bin karatu haka. A ci gaba da roƙon Allah, amma a nemi asibiti, kuma a rage mutane a kansa. Kawu Sale bai ji daɗi ba, sai dai bai iya musa wa liman ba.

Da na koma wurinsa, Baban Ummi ya yi mani alama in matso. Ta tsakanin haƙora ya ce, "Kabiru." Kabiru Gola abokinsa ne tun suna yara, mai tsaron gida ne, sun yi kulob biyu tare kafin ya bar ƙwallo ya koma Ƙanƙara yana jan motar haya. Na kira shi. La'asar ta riga ta wuce, hanyarmu kuwa ba a binta da yamma a wannan zamani, ya ce in yi haƙuri zuwa safiya. Rana ba ta gama ɗagowa ba sai ga shi a ƙofar gida, ya kwantar da kujerar gaba ya shimfiɗa bargo.

Asibiti mafi kusa muka fara zuwa, ni da Hajiya a baya. Layin karɓar kati ya kai har waje. Kabiru ya kutsa ya roƙi wata ma'aikaciya ta leƙo motar, tana ganinsa ta ce a shigo da shi. Likitan matashi ne. Ya ce ya buɗe baki, ya kasa. Ya zura wani siririn katako ta gefe, haƙoran suka datse shi. Sai ya juyo gare ni ya tambaya ko ya ji wani ciwo kwanan nan, ko da ƙarami ne. Na ce a'a. Ya ce in ƙara tunani, ko ƙaya, ko reza, ko kwalba. Sai ƙusar ta faɗo mani a rai. Na ɗaga ƙafar na nuna mashi ɗan baƙin tabon, wanda bai fi ƙwayar dawa ba.

"Tetanus ne," in ji shi. "Ciwon da bakinsa ƙarami ne amma yana da zurfi, shi ya fi haɗari. Ya rufe a sama, ƙwayar cutar tana can ciki tana zuba dafi. Da a ranar kuka zo, da wanki da allura kun gama."

Hajiya ta dube ni, na dubi ƙasa. Sai da muka koma mota ta tambaye ni ko na sani na yi shiru. Na ce shi ya hana ni.

"In ya ce ki ɓoye wa duniya, ni ma duniya ce?"

Har muka isa inda za mu ba ta sake yi mani magana ba.

Likitan ya yi mashi allurar da ta ɗan kwantar da jikin, ya ce ba su da abin riƙe irin wannan, mu wuce babban asibiti. Tafiyar da aka saba gamawa kafin azahar sai da ta kai mu la'asar. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya sandare, don haka Kabiru ya kashe rediyo, ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ƙi yin oda ko sau ɗaya. Direbobi na wuce mu suna zaginsa, bai ɗago ya kalli kowa ba.

A babban asibiti aka ce babu gado. Ba don in ɓata wa kowa nake faɗa ba, amma mun yi sa'o'i a sashen gaggawa, wurin da ya fi ko'ina hayaniya, ana shigowa da waɗanda suka yi haɗari, ana kuka, ana jan gadaje masu ƙara, shi kuma yana kan benci yana ta sandarewa. Allurar da ke kashe dafin babu ita a kantin maganin asibitin. Aka rubuta mana aka ce mu nemo. Kabiru ya zaga garin shago-shago, wani ya ce ta ƙare, wani ya ce bai ma san ta ba, wani ya zaro mashi wadda ke ajiye a kanta cikin zafi ba a firji ba, ya ƙi karɓa. Sai washegari ya samo ta, da tsadar da sai da Hajiya ta kira gida ta ce a kai tumakinta kasuwar Sheme. Ni ma na aika aka sayar da keken ɗinkina. Ba allurar kaɗai ba ce, har auduga da safar hannun da za a taɓa shi da ita mu ke saye.

Wata babbar nas, Sista Ladi, ita ta tsaya mana. Ta sa aka kwashe tarkace daga wani ɗan ɗaki a ƙarshen sashen maza, aka sa gado, muka rufe tagar da zannuwana da bargon Kabiru har ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Aka toshe mashi kunnuwa da auduga, aka zura roba ta hanci don abinci, aka sa mashi ruwa. Likitoci suka tsaga tafin ƙafar suka wanke. Na ga abin da ya fito, baƙi ne, har da ɗan zaren kambas. Babban likitan ya kira mu waje ni da Hajiya, ya ce ciwon ba a ɗaukarsa, kada mu ji tsoron taɓa shi. Sannan ya ƙara sassauta murya.

"Dafin da ya riga ya kama jijiya ba mu da maganin cire shi, sai ya gaji don kansa, kuma yakan ɗauki makonni. Mu namu mu riƙe shi da rai har lokacin. Ku naku shiru. Haske, ƙara, taɓawa ba dalili, kowanne na iya tsayar mashi da numfashi."

Mako na biyu shi ne mafi muni. Duk da alluran barcin da ake yi mashi, abu kaɗan ke tada shi: bokitin mai shara, tiren magani, janareta in aka ɗauke wuta, ayarin 'yan biki da ya wuce ta bayan katanga yana oda. Akwai wata ma'aikaciya da ke shigowa tana waya, in na yi magana ta ce in ba ta wuri ta yi aikinta. Sista Ladi kuwa a bakin ƙofa take cire takalmanta ta shigo da safa. Ita ta koya mani yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, yadda zan goge mashi yawu, yadda zan tura kunu da madara ta robar a hankali. Na koyi tafiya ba motsi, na cire awarwarona, in tari ya taso mani sai in fita da shi waje. Magana kuwa da yatsa muke yi: in sa yatsana a tafin hannunsa in tambaye shi da raɗa, ya matsa in e ne, ya bari in a'a ne.

Wata rana da azahar wani ya saki ƙofar ƙarfe a baranda. Ya sandare, wannan karon abin bai sake shi ba. Ƙirjinsa ya tsaya, leɓensa ya fara baƙi. Na fita da gudu ba ko mayafi. Suka zo suka yi mashi allura, suka kifa mashi abin numfashi a fuska suna matsawa da hannu, ni ina jingine da bango ina salati, na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa Ummi. Sai na ji ya ja iska da wani irin gurnani. Bayan nan likitan ya ce in ya sake yin haka sai an kai shi ɗakin da inji ke yi wa mutum numfashi, kuma a ranar babu gado a can. Allah bai sa ya sake ba.

Sai kuma 'yan dubiya. Labari ya kai Faskari da Sheme har Ƙanƙara, matasa masu son wasansa suka riƙa cika mota suna zuwa, dangi na zuwa da kwanonin abinci. Mun san dubiya haƙƙi ne, kuma mutum ya biyo irin hanyarmu a ce mashi ba zai ga mara lafiya ba, abu ne mai nauyi. Ni matar ɗa ce, ba ni da bakin hana su. Tun ranar ƙofar ƙarfen sai Hajiya ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a bakin barandar, ta zauna da carbinta. Duk wanda ya zo ta amsa gaisuwarsa da raɗa, ta karɓi addu'arsa, ta sallame shi. Har Kawu Sale ya zo tare da mai unguwa, da gorar jiƙo a hannunsa, ya ce ai shi ba baƙo ba ne.

"Ku dube ni," in ji Hajiya. "Ni na haife shi. In kun gan ni kun gan shi."

Ya yi fushi ya tafi ko ruwa bai sha ba. A ranar da yamma ta kira ni ta miƙo mani kwanon fura, ta ce in shanye, in na faɗi wa zai riƙa juya mata ɗa. Daga nan maganar ƙusa ba ta sake tasowa tsakaninmu ba.

Abin da muka zo da shi ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, kullum kuma da sabuwar takardar magani. Kabiru, wanda ya yi watsi da rabin aikinsa yana zuwa yana komawa, ya sa labarin a gurup ɗinsu na 'yan ƙwallo a waya. Ban san abin da ya rubuta ba. Na dai ga wayata, wadda na kashe wa ƙara, tana ta haske a cikin jaka. Mutane ne da ban taɓa gani ba ke turo mana taimako. Wani daga Lafiya da suka kwana ɗaki ɗaya, wasu daga Maraɗi, wata tsohuwa da ke dafa wa 'yan wasa abinci a Gombe, wadda ta ce Mai Kai ne kaɗai ke ɗebo mata ruwa ba ta sa shi ba. Wani Emeka ya kira da gurguwar Hausarsa ya ce shi ne ya karya mashi hanci, in gaya mashi kada ya kuskura ya mutu bai rama ba. Har Koci Garba, wanda ya taɓa sallamarsa ana tsakiyar kaka, har na shekara ina jin haushin sunansa, ya turo nasa, kuma ya riƙa kira duk Juma'a. Kowa ɗan abin da ya samu ne, don yawancinsu ba su fi mu ba, amma da shi aka sayi maganin sauran makonnin. Na sha yi wa Baban Ummi gori cewa ya yi yawon duniya bai dawo da ko bulo ɗaya ba. Daga wannan makon ban sake ba.

Shi kuwa kocin da ya yi alkawarin gwaji, saƙo ɗaya ya turo na Allah ya sawwaƙe, sai muka ji ya ɗauki wani. Na san ba zai tsayar da kakar wasa don mu ba, amma na ji zafin abin.

Daga mako na uku zuwa na huɗu sandarewar ta fara nisa da juna, ta kuma rage ƙarfi. Sista Ladi ta riƙa gwada bakin da 'yan katakon nan na duba harshe, yau ɗaya ya shiga, in an kwana biyu ta haɗa biyu. Ranar da kan yatsana ya shiga tsakanin haƙoransa na fita baranda na gaya wa Hajiya kamar mai albishir ɗin haihuwa. Aka fara ɗage gefen zane daga tagar, aka cire auduga daga kunne ɗaya.

Maganar farko da ta fito daga bakinsa sosai tambaya ce. Ya ce, "Gwajin ya wuce?" Hajiya da Kabiru sun riga sun ce mani in ya tambaya in ce an ɗaga. Na dube shi, na kasa. Na ce ya wuce, an ɗauki wani. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suka fara rawa. Na miƙe tsaye hannuna a kan ƙofa, ina jiran bayansa ya lanƙwashe in ruga kiran nas. Bai lanƙwashe ba. Kuka ne kawai, irin na kowa. Na koma na zauna na bar shi ya yi mai isarsa. A ranar na san mun tsallake.

An sallame mu ana cikin girbin masara. Wanda ya shiga da cinyoyi kamar turmi ya fito da ƙafafu kamar kara, bayansa a ƙage, yana tafiya yana dafa kafaɗar Kabiru. Kafin mu tafi likitan ya faɗi abin da ya ba mu mamaki, wai yin ciwon ba ya hana shi dawowa, ba kamar ƙyanda ba ne; sai an yi mashi rigakafi, kuma ba sau ɗaya ba, a riƙa komawa har a cika. Ya tambaye ni, na ce an yi mani a awon cikin Ummi, ya ce in zo a ƙara. Kabiru, wanda ya yi shekaru yana faɗawa ƙarƙashin takalman mutane, sai da aka riƙe mashi hannu ya runtse ido kafin a yi mashi tasa. Nan ne Baban Ummi ya yi dariya ta gaske, yana dafe da muƙamuƙi don zafi.

Mun ɗan zauna Faskari, sannan innata ta matsa muka je Sabuwa ya huta, inda babu injin niƙa a jikin katanga, ga nono ga zuma. Ya daɗe yana tsoron ƙara. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura ya dafe wuya, ya jira, sannan ya saki jiki. Ummi ma da farko gudunsa take yi, ta ce wannan ba Babanta ba ne, sai da ya ɗora lemo a goshi ya tsayar da shi kamar yadda ya saba yi mata, sannan ta matso. Ya fara da zagaya tsakar gida, sai zuwa masallaci, sai bakin gari, ba ya nisa don dajinmu ba na shiga ba ne yanzu. Wata safiya na fita ɗebo ruwa na hango shi yana sassarfa a bayan makarantar firamare, yana tsayawa yana dafa gwiwa, yana sake tashi.

Da muka koma Faskari, ni so na yi ya bar ƙwallon haka nan. Kawu Sale, wanda ya huce har ya aiko mana da buhun masara, ya nemo mashi rumfa a kasuwar Sheme ya riƙa sayen hatsi. Ya je ya zauna kasuwa biyu ko uku, ya riƙa dawowa ba ya magana, abinci ma sai na matsa. Da Koci Garba ya kira ya ce ya karɓi wani ƙaramin kulob a rukunin ƙasa, yana son babba guda ɗaya da zai zauna cikin yara, albashin ba wani abu ba ne kuma benci zai fi zama, na ce ni ban yarda ba. Hajiya ce ta kira ni ɗakinta. Ta ce ita ma ba ta taɓa son ƙwallon nan ba, amma ba ta yi zaman baranda don a dawo mata da mai zaman makoki ba. Ƙusar ma ai a nan bayan gari ta same shi, Wanda ya tashe shi daga nan Shi zai tsare shi a can. Muka koma likita ya duba shi, ya ce babu abin da zai hana. Da kaina na haɗa mashi kayansa.

Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan: ƙusa, waya, ƙaya, kwalba, fartanya, duk abin da ya huda fata a gona ko a turke ko a filin wasa, kada a dubi ƙanƙantarsa. Kada a zuba man birki ko toka ko ƙasa. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a je asibiti a ranar. In kuma baki ya fara nauyi ko wuya ya riƙe, a tuna da ciwon ko da ya warke, a faɗa wa likita. 'Yan uwana mata, in ya ce ki ɓoye, wannan ba ya cikin abin da ake ɓoyewa. Sista Ladi, likitocin da suka riƙe shi, Malam Isiyaku, Kabiru da matarsa da ta riƙe mani Ummi duk tsawon zamanmu, da duk waɗanda suka kira daga garuruwan da ban sani ba, ba ni da abin biyanku, Allah ya biya ku. Wadda ke shigowa tana waya ita ma ban riƙe ta ba, amma Allah ya sa ta gyara.

Ranar Lahadin da ta wuce ya kira bayan magariba, ina ɗakin Hajiya muna gyaran wake, na buɗe muryar wayar don ta ji. Ya ce an sa shi a wasa ana saura kaɗan a tashi. An ɗago mashi ƙwallo daidai goshi, gola ya riga ya faɗi, raga a buɗe, ya sa kai ta bi ta sama. Ya ce filin gaba ɗaya ya ɗauka da zagi, ba wanda suka bari, har uwarsa sai da suka ambata. Yana faɗa yana dariya har yana shaƙewa.

Hajiya ta ajiye faifan, ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Ka ce masu na ji, kuma na yafe," in ji ta. "Su zage ni duk Lahadi, in dai kana tsaye da ƙafarka. Amma ta gaba ka ci."